Kan Sarki Mai Hoton Gamsheƙa

Jikata ce ta tayar mini da wannan magana, ita ba ta ma san ta yi ba. An ba su aiki a makaranta su aika wasiƙa ta gidan waya, sai ga ta da ambulan a hannu ɗaya, kan sarki a ɗaya hannun, tana tambayata da Turanci ina ake manna shi. Na ce, "Ke duk wayon nan naki, wannan ɗan abin ne ya gagare ki?" Ta ji ni sarai, amma da Turanci ta mayar mini, kamar yadda dukansu suke yi. Na nuna mata kusurwar sama ta dama. Ta ɓare bayansa ta liƙa, ko lasa ba ta yi ba, wai yanzu da gam ɗinsa yake zuwa. Ta yi gaba abinta tana tsalle, ni kuwa na zauna a kujera har shayina ya huce.

Yau wa yake jiran wasiƙa? Akwatin da ke ƙasan benenmu ba abin da ke shiga cikinsa sai takardun talla da na asibiti. In akuyar ƙanwata ta haihu a gida, kafin uwar ta gama lashe ɗan, hoton ya iso wayata. Mutum yana kwance a gado zai gaisa da dangi kaf, ya yi faɗa da biyu, ya shirya da ɗaya. A zamanin da muka zo garin nan na ƙasar Turawa ba haka abin yake ba. Magana takan yi mako uku a hanya, wani lokaci wata guda, ta iso a gajiye, gefenta ya lanƙwashe, tana ƙanshin hannun mutane. Wanda ya samu tasa ba ya buɗewa a tsaye. Sai ya wanke hannu, ya nemi lungu, ya karanta sau uku, sannan ya fito ya ce da mu, "Mutanen gida suna gaishe ku." Mu kuma mu amsa da "Muna amsawa," kamar da gaske sun san mu.

Mu bakwai ne a ɗaki biyu da falo, hawa na huɗu, a wani tsohon bene da ke bayan titin Fordham. Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙarar gidan nan: bututun hita mai ɗumama ɗaki yana ƙwanƙwasa kansa da asuba kamar maƙeri ya fara aiki, jirgin ƙasa yana wucewa tagogi suna rawa, butar shayi tana fito, wani yana buga ƙofar banɗaki yana cewa a yi wa Allah a fito. Tukunya ɗaya muke ci. Akwai mutanen Maraɗi masu kasa huluna da agogo a bakin titi, akwai ɗan Zangon Kumasi mai tuƙa taksi, akwai ni, ƙaramin cikinsu, shi ya sa kowa yake kirana Auta. Aikina wankin kwanuka ne a wani gidan abinci, sai bayan isha'i nake fita. Saboda haka ni kaɗai ne a gida lokacin da mai raba wasiƙu yake zuwa da hantsi, kuma saboda haka aka rataya mini ɗan mabuɗin akwati a wuya.

Wanda ya rataya mini shi babbanmu ne, muna ce masa Yaya. Ya girme ni da kamar shekara goma. Dogo ne, ba shi da yawan magana, ɗinki yake yi a wani shago, kuma shi ne limaminmu a falo. Shi ya ɗauko ni daga tashar jirgi, shi ya saya mini rigar sanyi ta farko, shi ya koya mini kada in kalli mutane a ido a cikin jirgin ƙasa. Ranar da ya ba ni mabuɗin ya ce, "Auta, wannan ba ƙarfe ba ne, iyayen mutane ne a ciki. Yadda ta zo, haka za ka miƙa ta." Na ce to, Yaya. A lokacin da gaske nake.

Kowa a gidan ya san abin da ke cin Yaya, ko da yake ba a zancensa. Mahaifinsa malami ne a garinsu, mai rubutun littattafai da hannu, ya so ɗansa ya zauna ya gaje shi. Yaya ya ce shi tafiya zai yi. Maganar ta yi zafi a zaure, a gaban mutane, har Yaya ya ɗaga wa mahaifinsa murya. Tsohon ya ce in ya taka ƙofar nan ya fita, to, kada ya sake kiransa uba, shi ma ba zai sake ambaton sunansa ba. Yaya ya fita. Mahaifiyarsa ta daɗe da rasuwa, babu mai shiga tsakani. Bayan shekaru, zuciya ta sauko, ya zauna ya rubuta wasiƙar neman gafara. Shiru. Ya rubuta ta biyu, ya rubuta ta uku. Kullum in ya dawo daga shago, kafin ya cire takalmi, sai ya dube ni ya ce, "Auta, ba labari?" In ce babu, Yaya. Ya ce, "To, Allah ya sa mu ji alheri," ya wuce ya yi alwala.

A can ƙasan benen, kusa da ɗakin tukunyar hita, akwai wani tsohon Bature mai kula da gidan. Mutumin Ailan ne, jajir da shi, gashinsa fari fat, matarsa ta mutu, 'ya'yansa sun watse. Ya san mu bakwai ne a inda aka rubuta mutum uku, amma bai taɓa ɗaga maganar ba. Wata rana na sauka in gaya masa famfonmu yana ɗiga, na tarar da shi a tebur da gilashin ƙara girma a ido, ɗan hantsaki a hannu, ga wasu manyan kundaye a buɗe. Na leƙa, na yi baya da sauri. Macizai ne, wallahi, shafi bayan shafi! Ga mesa, ga kasa, ga kububuwa, ga waɗansu masu launin da ban taɓa sanin Allah ya halitta ba. Ga kada, ga hawainiya, ga kunkuru, ga ƙadangaru iri iri, duk a jikin kan sarki na ƙasashen duniya, kowanne a ɗan gidansa. Kundi ɗaya ne kawai babu maciji, shi na ƙasarsu ne, kore shar: tumaki a kan tudu, duwatsun bakin teku, wani ganye mai kunne uku, da wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa.

Ya ga yadda na zabura, ya yi dariya har da tari. Ya ce a ƙasarsu babu maciji ko ɗaya, wai wani waliyyinsu ne ya kora su cikin teku tun zamanin da. Shi kuwa tun yana yaro abin yake ba shi haushi, kowace ƙasa da nata, su an hana su. To, tunda ba zai gan su a gona ba, bari ya tara su a takarda. Na ce a raina, kai, Turawa da neman magana! Mu muna roƙon Allah ya raba mu da su, wani yana kewarsu. Da ya ji daga inda na fito, sai ya jawo mini kujera. Ya nuna damo ya ce yaya muke kiransa, na faɗa, ya rubuta da fensir a ƙasan hoton. Ya nuna guza, na faɗa, ya rubuta.

Daga ranar nan na zama ɗan gida. In na gama share falo na ɗora wake, sai in sauka. Yana gyara mini Turanci, ina ba shi labarin macizai. Kuma bari in faɗi gaskiya tunda na fara: ni ɗan cikin gari ne, ko tsaka ce ta faɗo daga rufi sai na bar ɗakin. Amma a gaban tsohon nan na zama gardi. Na kashe mesa da tabarya, na kwana da kasa a ƙarƙashin tabarma, duk ƙarya. Yana buɗe baki yana saurare. A wurin aiki ba wanda ya san sunana, "kai" ake ce mini, a miƙo mini tire. A nan kuwa ga dattijo yana zuba mini shayi da hannunsa yana rubuta maganata. Abin ya shiga kaina sosai.

Shi ya koya mini yadda ake cire kan sarki. A yanke kusurwar ambulan, a sa a ruwa mai ɗumi a faranti, a jira har ya saki da kansa, kada a ja. A ɗauko da hantsaki, a kifa a kan jarida, in ya sha iska a danne shi cikin littafi mai nauyi. Ya ba ni ɗan ƙaramin kundi nawa na kaina, muka fara musaya: in kawo masa na wajenmu, ya ba ni na Ailan. Doka ɗaya ya kafa mini, yana kaɗa yatsa. Ya ce, "Sai mai wasiƙa ya karanta abinsa, sai ka roƙe shi, sai ya ce ya ba ka. In ba haka ba sata ce, yaro." Da farko haka nake yi. Amma mutanenmu ba sa son a taɓa musu ambulan. Ɗaya daga cikin mutanen Maraɗi ya ce, "Tambur ɗin ma tsohuwata ce ta lasa ta manna, in ba ka ka kai wa Nasara?" Sai na samo dabara. Tunda ni nake fara karɓa, sai in jingina ambulan a bakin kwano, kusurwar kaɗai ta taɓa ruwa, in zare kan sarkin, in busar da wurin a kan hita. In an tambaya in ce a hanya ya faɗi. Aka yi ta zagin ma'aikatan gidan waya a falonmu, ina zaune ina tayawa.

Akwai gurbi ɗaya a kundin tsohon da ya daɗe a buɗe. Wani kan sarki ne na wajenmu mai hoton gamsheƙa ta fasa kai, yana da sauran 'yan uwansa, shi kaɗai ya rage. Ya nuna mini hotonsa a littafi ya fi sau goma.

Ran nan da hantsi na buɗe akwati, sai ga ta. Siririyar ambulan ce mai ja da shuɗi a gefe, an rubuta adireshin da biro, rubutun masu zama a ƙofar gidan waya. A kusurwa ga gamsheƙa ta fasa kai, baƙa wuluk. Na ga sunan Yaya, na ga hatimin garinsu. Kada wani ya ce ban gane ba. Na gane sarai ko wace wasiƙa ce, gabana ma sai da ya faɗi. Shagon ɗinkinsa tafiyar minti goma ne, da na ruga da gudu na kai masa, da yau ba na wannan zance. Amma na ce a raina, minti biyar ne, Yaya sai magariba zai dawo, me zai ragu?

Na zuba ruwan ɗumi a kwano, na jingina ta. Ban gama gyara mata zama ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohon ne da kansa, da sifana a hannu, ya zo duba hitar falo. Na tare ƙofar kicin da jikina don kada ya ga abin da nake yi. Ya durƙusa yana kwancewa yana ɗaurewa, yana ba ni labarin wani kada da ya karanta, ni kuwa ina ta "yes, yes" gumi yana bin bayana. Ya fi rubu'in awa. Da ya fita na koma kicin, na tarar ambulan ta zame gaba ɗayanta ta kwanta a gindin kwano, ruwan ya koma baƙi.

Inna lillahi! Ni da na yi karatun allo, ni da na san tawadar malamai da ƙaro ake dama ta don ruwa ya wanke ta, ban taɓa kawo wa raina da ita mahaifin Yaya zai rubuta ba. To da me zai rubuta? Na farke ambulan. Takarda ɗaya ce, ajami, gaba da baya. Bisimillar sama ta ɗan tsira, da kalma uku a ƙarƙashinta, "zuwa ga ɗana". Sauran duk ya narke, sai inuwar layuka, tun daga sama har ƙasa, har a gefe an juya takardar an ci gaba. Na ɗora a kan hita, na ɗaga ta a hasken taga, na sa wani gilashin ƙara girma da Baturen ya ba ni. Ko harafi ɗaya ban tsamo ba.

Na tsaya da kwanon a hannu. In zubar a magudanar kicin, ga sunan Allah a ciki. In ajiye, a tambaye ni. Na rufe ido na shanye shi, ruwan maganar uban wani, da ɗacinsa da komai. Takardar kuma na ƙone ta a murhu. Kan sarkin kuwa ya fita lafiya lau, ko haƙori ɗaya na gefensa bai karye ba. Kuma na kai shi wurin Baturen. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin kamar in nutse. Tsohon ya yi ta murna kamar yaro, ya sa shi a gurbinsa, sannan ya ɗago ya ce, "Mai wasiƙar ya ba ka?" Na ce ya ba ni.

Da magariba Yaya ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa. "Auta, ba labari?"

Na ce, "Babu, Yaya."

Na yi niyyar faɗa masa gobe. Goben ta zo na ce sai Juma'a, in ransa ya yi sanyi. Ana haka, bayan kamar wata biyu, aka bugo waya shagon wani ɗan garinsu cewa mahaifin Yaya ya cika. Yaya ya tambayi 'yan uwansa ko ya bar masa wata magana. Suka ce har ya rufe ido bai ambace shi ba. Ashe ko su ba su san ya rubuta ba, a ɓoye ya yi. Muka yi zaman makoki a falo, ni nake zuba wa mutane shayi. Bayan an watse Yaya ya ce da ni, "Ka huta da tambayata, Auta. Ba sauran wasiƙar da nake jira." Daga ranar bakina ya yi nauyin da na kasa ɗaga shi.

Shekaru suka yi ta tafiya. Tsohon Bature ya koma wurin 'yarsa da kundayensa, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Kowa ya samu takardun zama, kowa ya fara zuwa gida yana dawowa da kilishi da labari. Yaya kaɗai bai taɓa zuwa ba. In an matsa masa sai ya ce, "Da wace fuska zan shiga zauren nan?" Shi ya karɓa mini aure. Shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba. In rigima ta taso a masallaci a kan wanda za a ba ajiya, sai ya nuna ni ya ce a ba Auta, tun yana yaro ya san amana. Ni kuma in sunkuyar da kai, mutane su ɗauka kawaici ne.

Yanzu yana wani gidan kula da tsofaffi a wajen unguwar Soundview. Ciwon suga ya ci ƙafarsa ɗaya, ana yi masa wankin ƙoda sau uku a mako, likita ya ce zancen doguwar tafiya a jirgi ya ƙare. Ina zuwa duba shi duk Juma'a bayan masallaci. A makon da jikata ta zo mini da ambulan ɗin nan na je, na same shi a keken guragu a bakin taga. Muka gaisa, na ɓare masa lemo. Can sai ya ce, "Auta, kwanan nan Baba nake ta gani a mafarki, kullum ya juya mini baya. Ba mutuwar nake tsoro ba. Haɗuwar nake tsoro."

Na ajiye lemon. Na sauko daga kujera na durƙusa a gabansa, da furfurata da ciwon gwiwata. Na ce, "Yaya, Baba ya rubuto maka." Na faɗa masa duka, tun daga akwati har murhu, ban rage komai ba. Ban iya kallon fuskarsa ba, ƙafarsa guda ɗaya nake kallo.

Na jira zagi, na jira ya kira ma'aikaciya ta fitar da ni, kuma wallahi da hakan ya fi mini sauƙi. Da ya buɗe baki, cewa ya yi, "Me ka iya karantawa?"

"Bisimilla, sai 'zuwa ga ɗana'."

"Ɗana ya ce?"

"Haka ya rubuta, Yaya."

"Rubutun layi nawa ne?"

Na ce ban ƙirga ba, amma ya cika takardar gaba da baya, har ya zagaya gefe.

Sai ya kifa fuskarsa a tafin hannunsa, kafaɗunsa suka fara rawa. Ban taɓa ganin kukan Yaya ba, ko ranar makokin. Da ya lafa ya share ido da bakin rigarsa ya ce, "Na san Baba. In fushi yake, layi biyu ne ya sa hannu. Ba ya ɓata tawadarsa a kan wanda ya sallama." Ya dube ni, ya sake cewa, "Har gefe?" Na ce har gefe.

Na ce, "Yaya, ka yafe mini don girman Allah."

Ya dafa kaina kamar yadda yake yi ina saurayi. Ya ce, "Wanda aka yafe masa yau ba shi da bakin hana wani. Na yafe maka, Auta. Na gode da ka faɗa mini." Godiya ya yi mini, ni. Sannan ya janye hannunsa, ya dubi inda ƙafarsa take a da, ya gyara bargon da ke kai.

Ya ce, "Amma da ka faɗa mini tun ina da ƙafa biyu, da na je na tsaya a kan kabarinsa."